Numfashin tsoho bayan aikin zuciya: abin da masu jinya za su yi in an dawo gida

 Maganar yau ta tsofaffinmu ce waɗanda anka yi ma aikin zuciya, da ku masu jinyarsu.

Shekarun baya, in an ce an buɗe ƙirjin mutum an gyara zuciyarshi kuma ya tashi, labarin ƙasar Turawa ne a wurinmu. Yanzu kuwa ɗiyan da ke aiki Yamai da masu biɗa a Kwatano, Lome ko Abijan sukan haɗa kuɗi su kai uba ko uwa Tunisiya, Maroko, Turkiyya ko Indiya. A yi sati ɗaya ko kwana goma a asibiti, a ɗan zauna masauki, sai ga tsoho ya dawo gida da ɗinki tun daga ƙasan wuya har bakin ciki, da jakar magunguna, da takardu cikin Faransanci ko Ingilishi da ba kowa ke iya karantawa ba. Daga nan sauran aikin ya koma hannun matarshi, ɗiyarshi ko jikanshi. Abin da mukan yi kuwa, don ƙauna da ladabi, shi ne mu shimfiɗa mashi katifa cikin ɗaki mu ce: «Baba, kwanta ka huta, kada ka motsa.» To, wannan kwanciyar tana cikin abubuwan da sunka fi cutar da huhunshi.

Wane irin aiki ne?

Zuciya ce ke tura jini ko'ina cikin jiki, amma ita ma tana da nata ƴan jijiyoyin da ke ciyar da ita. Tsufa, tansiyo, ciwon sukari, taba da yawan kitse cikin jini sukan ƙuntata waɗannan jijiyoyi har su toshe. Mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya hau tudu, kamar an aza mashi buhun hatsi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17 da dubu 900 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ke nan ba ciwon masu kuɗi kaɗai ba ne.

Kun san yadda direbobi ke yi da damina in kori ya cinye hanya. Ba su tsayawa gyaran wurin, ratse suke yi su zagaye su koma bisa hanya a gaba. Haka aikin yake. Likita ya ciro wata jijiya daga ƙafa, ko daga cikin ƙirji, ko daga hannu, ya ɗinka ta yadda jini zai tsallake wurin da ya toshe. A takardun Faransanci sunan aikin pontaj. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina, René Favaloro, shi ya fito da hanyar yin shi da jijiyar ƙafa a birnin Cleveland na Amurka cikin 1967, daga nan ta bazu duniya.

Kafin a kai ga zuciya sai an raba ƙashin tsakiyar ƙirji biyu a tsaye. In an gama, a haɗe shi a ɗaure da wayoyin ƙarfe, waɗanda ke zama cikin jiki har ƙarshen rayuwa. A mafi yawan lokuta ana tsaida zuciyar, wata na'ura ta karɓi aikinta da na huhu har a gama ɗinki.

Me ya haɗa huhu da aikin zuciya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga huhu. Laushi gare shi kamar soso, in an hura maƙogwaron sai ya kumbura, in an saki ya motse. Cikinshi akwai ƴan ƙananan buhunan iska ɗaruruwan miliyoyi, a nan ne iska ke shiga jini. Buhunan nan suna zama buɗe ne in iska na cika su a kai a kai. In sun daɗe babu iska sai su manne, kamar ledar da ta jiƙe.

A lokacin aiki abubuwa da yawa ke taruwa bisa huhu. Maganin barci yana kwantar da numfashi. In na'ura ta karɓi aiki, huhu yakan yi awanni a motse. Bayan an farka, ga mutum kwance rigingine, ga robobi a ƙirji, ga zafin ƙashi, sai ya riƙa jan numfashi guntu-guntu don tsoron ciwo. Ƙasan huhu, musamman na hagu, ba ya samun iska, sai ya manne. Kusan duk wanda anka yi ma wannan aiki yana samun haka, kaɗan ko da yawa. Wasu kuma ruwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ce babbar mai jan numfashi, jijiyar da ke motsa ta kuwa ta gefen zuciya take bi, don haka wani lokaci takan yi sanyi na ɗan lokaci bayan aiki.

Inda huhu ya manne, a nan kaki ke taruwa. Inda kaki ya kwanta, a nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, sai ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. Shi ne abin da ake gudu. An ga mutanen da zuciyarsu ta gyaru sarai amma huhu ya maida su asibiti.

Yaro ɗan shekara talatin jikinshi na iya cinye duk wannan. Tsoho ɗan saba'in kuwa haƙarƙarinshi ya riga ya yi tauri, tsokokin numfashi sun rage ƙarfi, tarinshi ba ya fidda kaki kamar da. Ku ƙara da abin da huhun ya sha a rayuwa. Inna ta yi shekara hamsin bakin murhu tana shaƙar hayaƙin itace da na kara. Baba ya sha taba, ko ya taɓa yin tarin fuka da ya bar tabo. Kuma ƙarfin da tsoho ya rasa cikin sati ɗaya na kwanciya, sai ya yi satuttuka kafin ya maido shi.

Abin da bincike ya nuna

A ƙasar Suwidin, wata ƙwararriyar kine, wato ma'aikaciyar motsa jikin marasa lafiya, mai suna Elisabeth Westerdahl, ita da abokan aikinta sun fidda sakamakon wani bincike a 2005. Mutum 90 ne da anka yi ma wannan aiki. An sa wani kashi su riƙa jan dogon numfashi sau 30 kowace awa da rana, suna hurawa cikin gorar ruwa ta tiyo, sauran kuma ba a sa su ba. Da anka ɗauki hoton huhunsu a rana ta huɗu, wurin da ya manne a huhun masu motsa numfashi kusan rabin na sauran ne.

A 2006 likitocin birnin Utrek na ƙasar Holan sun gwada wani abu dabam. Sun ɗauki mutum 279 da ake jin tsoron huhunsu zai ba da matsala, rabi anka horar da tsokokin numfashinsu na aƙalla sati biyu tun kafin aiki. Cikin waɗanda anka horar, kashi 18 cikin 100 ne sunka samu matsalar huhu bayan aiki, cikin sauran kuwa kashi 35. Wanda ke da tsoho da anka ba ranar aiki yana jira, ga abin tambayar likita tun yanzu.

Sai dai akwai sakamako biyu da ya kamata ku ji, don kada a ruɗe ku da kaya. Na farko, ƴar robar nan mai ƙwallaye uku da ake ba marasa lafiya su dawo da ita. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta duba bincike 7 a kanta a 2012, ba ta samu hujjar cewa robar ta fi sauran hanyoyi kare huhu ba. Wanda ba ya da ita bai rasa komi ba. Na biyu, ita dai Westerdahl ta sake bin mutum sama da 300 a wani bincike da ya fito a 2014, wasu sunka ci gaba da dogon numfashi har wata biyu a gida, amma ba a ga bambancin kirki tsakaninsu da sauran ba. Yadda munka fahimci abin, dogon numfashi ya fi amfani a kwanakin farko da kuma ga wanda ba ya iya tashi. In an dawo gida, tafiya da ƙafa ce babban maganin huhu. Tsohon da ke zaune yana jan numfashi sau ɗari amma ba ya taka ƙasa, rabin aiki ya yi.

Yadda ake jan numfashin

A zaune ake yi, bisa kujera ko bakin gado, ƙafafu a ƙasa, baya a miƙe, kafaɗu a sake. Ya aza hannu ɗaya bisa cikinshi. Ya ja iska ta hanci a hankali har ya ji hannun ya taso, ya riƙe ya ƙirga uku, sannan ya fitar ta baki da leɓɓa a tsuke, kamar mai hura kunu mai zafi. Fitarwa ta fi shaƙa daɗewa. In kun ga kafaɗu ne ke hawa sama cikin bai motsa ba, iskar ba ta kai ƙasa ba, a sake. Sau goma, a huta minti ɗaya, a ƙara goma, a huta, a ƙara goma. In ya ji jiri, ya yi sauri ne, ya tsaya ya yi numfashinshi na kullum.

A asibiti kowace awa ake yi in mutum na farke. A gida ku bi abin da likita ya rubuta. In bai rubuta komi ba, shawararmu a liƙa shi da lokutan salla, don abin da ke da lokaci ba a mance shi.

Gorar ruwan da anka yi bincike da ita ba wani abin tsada ba ne. Gorar roba ce mai tsabta ta litar ɗaya ko ɗaya da rabi, a zuba ruwa tsawon santimita 10, wajen faɗin tafin hannu, a sa tiyo mai faɗin ɗan yatsa har ya kai gindi. Mutum ya cika ƙirji da iska ya hura a hankali ruwan na ɓulɓul. Nauyin ruwan ne ke tura iska ta buɗe inda ya manne. Bakin gorar a bar shi buɗe, a canza ruwa a wanke tiyo kullum. Hurawa ake yi, ba a tsotsa. Kada a ba tsohon da hankalinshi ke rikicewa, kuma a tambayi likita kafin a fara. Ita kuwa roba mai ƙwallaye, shaƙa ake yi da ita a hankali. Mutane da yawa hurawa suke yi, ƙwallayen su ƙi tashi, su ce ta lalace.

Tari fa?

Nan ne tsoro ya fi yawa. Tsoho ya ji tari ya taso sai ya danne shi, yana ganin ɗinkin zai ɓalle. Tari dole ne, shi ke share huhu. Abin yi, ya rungume matashin kai ko zane naɗaɗɗe a ƙirji da hannu biyu, ya ɗan sunkuya, ya ja dogon numfashi, ya yi tari ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Matashin nan kada ya yi nisa da shi dare da rana, don atishawa ba ta sallama. In tarin ya yi zafi ƙwarai, akwai mai sauƙi: ya buɗe baki ya fidda iska da ƙarfi «haa», kamar mai son tururin bakinshi ya rufe madubi. Sau biyu ko uku, kakin zai hawo sama.

Mun san dattawanmu. Namijin Kurfai ba ya cewa wayyo gaban ɗiya, tsohuwa kuma sai ta ce «da sauƙi» ko tana cizon haƙora. Ku dubi fuska da yadda ƙirji ke motsi, kada ku tsaya ga abin da baki ya faɗa. Mai jin zafi ba ya jan dogon numfashi. A ba shi maganin zafin da likita ya rubuta a kan lokaci, a bari kamar minti 30 sannan a yi motsa numfashi da tari. Amma ban da na masu talla a faranti. Diklofenak da ibuprofen na iya taɓa ƙoda su sa zubar jini a ciki ga mai shan maganin tsinka jini, tramol kuma yana kwantar da numfashi ya rikita tsoho. Ruwan maganin da ke tsaida tari shi ma kada a saya sai da izinin likita.

Tafiya

A asibitocin da ke wannan aiki, washegari ko rana ta biyu ake tada mutum ya zauna kujera, ya fara takawa da robobinshi. Ke nan wanda ya iso Sanam ya riga ya yi kwanaki yana tafiya. Mu ne ke maida shi kwance.

A fara da minti 5, sau uku ko huɗu a yini, ana ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana ɗaya ko biyu. Abin da ake nema, wajen sati na shida ya iya minti 30 a jere. Ba a buƙatar wani abin awo. In yana tafiya yana iya hira da mai rakiyarshi, daidai ne. In magana ta gagara sai haki, ya wuce kima, ya tsaya. In ƙirji ya yi nauyi irin na da, ko jiri, ko zufa mai sanyi, a zaunar da shi a nemi likita.

A zaɓi ƙasa mai tauri, don rairayi mai zurfi yana ninka wahala. A cikin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, da sassafe ake fita ko gab da magariba, kuma ba nan take bayan cin abinci ba. Tsoho ya fi son tafiya mai dalili: yau ƙofar gida, jibi masallacin unguwa, sati mai zuwa gindin itacen da abokanshi ke zama. Tsohuwar da ba ta saba fita ba ta zagaya tsakar gida, ta je garke ta dubo awaki ta dawo, jika na riƙe da hannunta.

Sai maganar dubiya. Zumunci ne, ba mu hana ba. Amma ɗaki ƙarami a rufe, mutum goma sha biyar ciki, wannan na tari wancan na mura, mai jinya kwance tun safe har la'asar yana amsa «sannu», babu abin da ya fi wannan sauƙin kawo ciwon haƙarƙari. Ku sa kujerarshi a zaure ko ƙarƙashin rumfa, masu dubiya su same shi can. Zuwa da dawowar ma tafiya ce. Mai mura ya yi gaisuwa daga nesa ko ta waya, a kuma ajiye ruwa da sabulu a ƙofa.

Ƙashin ƙirji

Ƙashin da anka raba yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ga mai yawan shekaru ko mai ciwon sukari har wata uku. Cikin wannan lokaci kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Butar alwala ba laifi, bidon ruwa kuwa a'a. Babu jan guga, babu daka, babu faskare, babu noma, babu jan rago da igiya, babu goyon jika, babu hawan moto ko amalanke. Wanda anka yi ma aiki gab da damina ya haƙura, gonar bana ta yara ce.

Tashi daga tabarma a ƙasa yana sa mutum ya dogara da hannuwa da ƙarfi, wannan kuwa yana jan ƙashin. Gado mai ɗan tsawo ya fi. Ya juya gefe, ya sauke ƙafafu, ya tashi zaune da hannuwa kusa da jiki. Kada ku ja shi ta hannu don ku tada shi, ku tallafe shi ta baya. A makewayi a sa kujera mai rami in tsuguno na ba shi wuya. Barci kuma a rigingine a satuttukan farko, a tada kai da kafaɗu da matasai biyu, numfashi ya fi sauƙi haka. Game da salla, malamai sun yi bayanin sauƙin da marar lafiya ke da shi na yin ta a zaune. Wanda zuciyarshi ba ta natsu ba ya tambayi limamin unguwa.

Ranar dawowa daga Yamai ma a kula. Zuwa Filinge kaɗai wajen kilomita 180 ne, ga sauran hanya har Sanam. A sa matashi tsakanin ƙirji da bel ɗin mota, a tsaya duk awa ɗaya ko biyu inda ya dace ya sauka ya taka kaɗan, don dogon zama na sa jini ya daskare a ƙafa.

Ƙura da hayaƙi

Wanda ya dawo cikin hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari ya yi tafiyarshi cikin gida, in zai fita ya rufe hanci da baki da rawani ko takunkumi. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a fidda shi daga ɗakin tukuna. OMS ta ce hayaƙin girki cikin gidaje ya kashe mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020. Inna ta bar bakin murhu ko da ta ce tuwon sarakuwarta bai yi mata ba. Turaren wuta da mata ke sa ma ɗakin marar lafiya don ƙamshi, da garwashin jin ɗumi, da maganin sauro mai hayaƙi, duk a fidda su, a ɗaura sange. Taba kuwa an rabu ke nan, har da ta masu zuwa hira.

Magani, abinci da wanzami

Kusan duk wanda anka yi ma wannan aiki yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini don kada sabuwar hanyar ta toshe. Ba a tsaida shi don an ji sauƙi. Wasu magungunan ba a samunsu nan kusa, ku aika Yamai ko Tawa tun da sauran na sati biyu. Mai shan irin wannan magani, ƙaho da tsaga da sakiya sun haramta gare shi, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ciwon kafaɗa da na baya da ake kiran wanzami dominsu sun saba zuwa bayan wannan aiki, suna wucewa. Saiwoyi da jiƙe-jiƙe ma a nuna ma likita tukuna, kuma kada a shafa komi bisa ɗinki.

Rauni na son abinci mai gina jiki: wake, nono, ƙwai, nama marar kitse, zogale. A rage gishiri, kanwa da dunƙulen magi. Ruwa yana sa kaki ya yi laushi, amma in likita ya ƙayyade yawan ruwan da zai sha saboda raunin zuciya, maganarshi za a bi. Azumi kuma sai an tambaye shi.

Wani tsohon sai ku ga ya yi shiru, ba ya son abinci, ba ya barci, har hawaye. Abu ne da ke faruwa ga mutane da yawa bayan aikin zuciya, kuma wanda ranshi ya ɓaci ba ya tashi tafiya. A ja shi da hira, a riƙa neman shawararshi a al'amuran gida kamar da. In abin ya wuce sati biyu a faɗa ma likita.

Yaushe za a ruga likita?

Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti in yana hutawa. Ku koyi ƙirgawa da agogon waya. In ya wuce haka sosai yana zaune, ko hakin yau ya fi na jiya, ko ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko leɓɓa sun yi duhu, ba a jira. Haka in zafin jiki ya kai digiri 38, ko kaki ya koma ruwan ɗorawa, kore ko da jini. Haka in ɗinki ya yi ja, ya kumbura ko yana ruwa, ko ana jin ƙashin ƙirji na ƙas-ƙas in ya motsa. Ƙafar da anka ciro jijiya takan ɗan kumbura, wannan an san da shi, amma kumburi mai zafi da ya zo farat ɗaya a ƙafa guda, ko ƙafafu biyu da ke ƙara cika kullum, abin dubawa ne. Bugun zuciya da sauri ba tsari shi ma yakan zo bayan wannan aiki. Ku riƙe wannan kuma: tsoho na iya kamuwa da ciwon haƙarƙari ba tare da jiki ya yi zafi ba, sai dai ku ga ya rikice, yana magana ba kai, ko barci ya yi mashi yawa.

Da damina duk zazzaɓi mukan ce na sauro ne. A yi gwajin, amma ku faɗa ma majo tun daga ƙofa cewa an yi mashi aikin zuciya, ku nuna takardu, don ya saurari huhu ya dubi ɗinki. In ya tura ku asibitin gunduma a ɗauki hoton ƙirji, wanda ake ce ma radiyo, ba irin tamu mai magana ba, ku tafi ranar.

Nisa da halin tsaro sun sa tafiyar dare ba ta da sauƙi a yankinmu. Abin da kunka gani da hantsi kada ku bar shi ya kai magariba. Tun ranar da tsoho ya dawo, a kai takardunshi CSI majo ya gani ya san da shi. A ɗauki hoton kowace takarda da kowane kwalin magani a waya, a aika ma ɗiya biyu ko uku. A ajiye lambar mai mota da kuɗin mai a gefe. Kuma ko yana jin garau, randebun likitan zuciya na bayan sati huɗu zuwa shida ba a ɗaga shi. Akwai likitocin zuciya a Yamai, a babban asibitin ƙasa, da na Lamorde, da babban asibitin Referans da anka ƙaddamar a 2016. In za a je, a tafi da duk magungunan cikin kwalayensu, da ƴar takardar da kunka riƙa rubuta minti nawa ya taka kowace rana.